Mun kai yara ganin Ahram, yanzu a gida ana cewa mun samu duniya mun manta da su

Maman Hanif
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suke zaune a ƙasar waje da iyali. Mu a Alƙahira muke, Abban Hanif yana digiri na biyu ni kuma ina gida da yara biyu, Hanif mai shekara biyar da ƙanwarsa da bata daɗe da fara tafiya ba. Gidanmu a Hayyul Ashir yake cikin Madinatu Nasr, hawa na biyar ne kuma ba lif, ciki da falo ne sai ɗan kicin, ba tsakar gida ba maƙociyar da zaki leƙa ku gaisa. Shi tun safe yake fita, in ya tashi daga jami'a kuma sai ya wuce asibiti yana yiwa mutanenmu masu zuwa neman magani tafinta, da wannan muke haɗa kuɗin haya. Toh sai mukayi shawara duk wata sau ɗaya, ranar Juma'a bayan an sauko ko kuma Asabar, mu fita da yara su ga gari su sha iska. Watan jiya mukaje Ahram, dalolin nan na Giza, na ɗora hotuna a sitatus ɗina na WhatsApp, kafin magariba yayarsa ta kira tana cewa ashe haka muke jin daɗi muna hawan raƙuma alhali ance masa ya kawo gudummawar bikin autarsu yace a ɗan ƙara masa lokaci. Magana har kunnen Hajiya, ita dai batace komai ba amma gaisuwarmu ta canja, na ji a muryarta. Abin ya tsaya min a rai domin wallahi abinda muka kashe ranar bai kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba, abinci ma a gida na dafa na zuba a kula muka tafi da shi. Yanzu shi yace mu dakata da fita gaba ɗaya sai bayan biki, ni kuma ina ganin fitar nan ba almubazzaranci bace, ita ce take riƙe da ni da yaran nan. Me kuke gani?

Baban Walid
Wa alaikumus salam. Hajiya kiyi haƙuri zan faɗi wadda ba lallai tayi miki daɗi ba. Ni ina Kano, kuma ina da ƙani a waje, na san yadda abin yake daga wannan ɓangaren. Mutumin da yake lissafin kwanon shinkafa kafin ya saya, aka ce masa babu, sai kuma ya buɗe waya yaga wanda yace babun a kan raƙumi yana dariya, me kike so ya ɗauka? Bai san nawa tikiti yake ba, abinda ido ya gani shi zuciya take hukunci da shi. Mijinki yayi daidai. Ku bari a gama biki, dutsen nan shekara dubu nawa yana tsaye, ba inda zai je.

Ummu Sudais
Maman Hanif sannu, wallahi ina karantawa kamar ni na rubuta. Ni na riga ki zuwa garin nan da daɗewa, a Abbasiyya muke, duk yarana a nan na haife su banda babban. Baban Walid maganarka akwai gaskiya a ciki amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gida mace ko bata fita ko ina ba ai duniyar ce take shigo mata, mai talla ta shigo, almajiri yayi sallama, 'yar maƙota tazo aron turmi, yau suna gobe biki jibi gaisuwar rasuwa. A nan sai ki wuni ki kwana ki sake wuni baki ji Hausa daga bakin kowa ba sai mijinki, shi ma ya dawo a gajiye ko abinci da ƙyar yake ci. Ga hunturu, watan Janairu gidajen nan sanyi suke ɗauka kamar me, tayil ne ko ina, ki rufe tagogi ki kunna hita ki zauna da yara a ɗaki ɗaya tun la'asar. In bazara ta shigo kuma ga iskar hamsin mai ƙurar nan da take maida sama ja, nan ma a kulle kuke. Na san matan da zaman nan ya taɓa musu kai, mace tayi ta kuka ba dalili, ta daina cin abinci, miji ya ɗauka aljanu ne ayi ta ruƙiyya alhali kaɗaici ne yake cinta. Akwai wadda sai da aka maida ta gida. Don haka ni a wajena fitar nan magani ce, kuma kuɗinta yafi kuɗin asibiti sauƙi.

Amma fa hoton, shi kam ki daina ɗorawa, ko kuma ki zaɓi masu gani. Ba don kinyi laifi ba.

Maman Hanif
Anti Ummu Sudais Allah ya saka da alheri, kin taɓo inda yake min ciwo. Hanif har ya kai in yaji ƙarar mukulli a ƙofa sai ya ruga ya ɗauko takalminsa, ko da sha ɗayan dare ne, yana cewa Abba mu fita. Ranar da mukaje Ahram yaron nan gudu yake a cikin yashi yana ihu, ya tsaya jikin dutse ɗaya na layin ƙasa yana gwada tsayinsa dutsen ya kere shi, yana tambayar babansa wai waye ya ɗauko su, da wace mota. Har yau in ya samu robobin yogot sai ya jera su yace dala yake ginawa. Baban Walid na gode kuma na fahimce ka, ba wai bamu damu da gida ba ne, gudummawar ma in sha Allah zai tura, jira yake a biya shi wani aiki.

Abu Ammar
Ni ba maganar kuɗin ce ta dame ni ba. Tambayata ita ce me ya kai musulmi da 'ya'yansa ƙanana wajen kaburburan Fir'aunoni yawon shaƙatawa? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim, lokacin da Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, ya hana sahabbai shiga wajen waɗanda aka yiwa azaba sai dai in suna kuka, kuma ya gaggauta wucewa. Mu kuma sai mu je muna ɗaukar hoto muna dariya. A duba wannan.

Ɗalibin Bu'us
Malam Abu Ammar Allah ya ƙara ilimi, hadisin ingantacce ne ba wanda yake jayayya. Amma malamai da yawa sun bambanta tsakanin wajen da aka san azaba ta sauka a cikinsa, kamar Hijir, da kuma gine-ginen mutanen da suka shuɗe kawai. Fir'aunan Annabi Musa a teku aka halaka shi ba a Giza ba. Kuma babbar dalar ta wani sarki ce da ake kira Khufu, an gina ta wajen shekara 4,500 da suka wuce, shi kuwa Ramsis na biyu da mutane suka fi dangantawa da ƙissar Annabi Musa ya zo bayanta da sama da shekara dubu, kuma ko shi ɗin masana basu haɗu a kan cewa shi ne ba. Sannan Amru ɗan Asi ya buɗe Masar a zamanin Sayyidina Umar, sahabbai sun zauna a Fusɗaɗ ga dalolin nan ana hango su a tsallaken kogi, basu rushe su ba. Ayoyin da suke cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen na farko ya kasance ai suna da yawa. Ni da naje, abinda ya zo min shi ne mutum ya tara jama'a shekara da shekaru suna jan dutse, ya ɗaga gini kusan mita 146 don kabarinsa kaɗai, ka sunkuya ka bi wata siririyar hanya kana gumi har ka isa ɗakin, me zaka tarar, akwatin dutse ne wayam ba kowa a ciki. Wallahi wa'azi ne babba ga mai hankali.

Abu Ammar
Na ji bayaninka kuma na san akwai saɓani. Amma ka faɗi gaskiya, cikin mutum goma masu zuwa nawa ne suke zuwa don wa'azin? Kuma gawawwakin da aka jera a gidan tarihi ana biyan kuɗi ana kallo fa, wannan ma tafiya a bayan ƙasa ce?

Ɗalibin Bu'us
Niyya kam Malam kowa da tasa. Gawawwakin kuma gaskiya ni ma ba zan bada shawarar a shiga da ƙaramin yaro ba. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22 na sarakuna da matansu daga tsohon gidan tarihi na Tahrir aka kai su sabon da yake Fusɗaɗ, suna wani ɗaki a ƙasa mai duhu, ba'a ɗaukar hoto ba'a hayaniya. Babba zai iya shiga ya tuna ayar suratu Yunus ya fito jikinsa a sanyaye, amma ɗan shekara biyar mafarki kawai zai kwaso. Ita kuma Maman Hanif ai ba can tace sun je ba.

Maman Hanif
A'a ko cikin dalar bamu shiga ba, wannan tikitinsa daban ne kuma ba zan iya da goyo ba. A waje muka tsaya. Malam Abu Ammar na gode da tunatarwa, Abban Hanif ma da muka zauna cin abinci sai da ya bawa yaron labarin Annabi Musa daidai hankalinsa.

'Yar Damagaram
Sannunku. Ni ma ina nan Masar, maigidana likitanci yake karantawa, muna wajen Faisal can ɓangaren Giza. Abinda mutanen gida basu sani ba shi ne rayuwar nan ta sauya sosai. A watan Maris na 2024 aka saki kuɗinsu, dalar Amurka da take wajen fam 31 ta tashi ta koma kusan 50 a rana ɗaya, komai ya bi ta. Kafin nan kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya turo 'yan uwanmu Sudanawa da yawa, Allah ya basu zaman lafiya, haya ta hau sama, mai gida in shekara ta cika sai yace ko ka ƙara ko ka tashi akwai mai jira. Ga dillali da zai karɓi nashi, ga kuɗin ajiya, ga mai gadin bene duk wata, ga sabunta iƙama da sai ka bada kwanaki kana bin layi da fasfo ɗin kowa har jinjiri. Mu masu sefa ma da ɗan dama, ku 'yan Najeriya kuɗinku ya faɗi nasu ya faɗi, wuta biyu kenan. Toh mutum yana cikin wannan sai ya ɗauki hoto ɗaya yana murmushi a ce ya samu duniya. Ai ba wanda yake ɗora hoton ranar da yake tsaye a layin burodi ko ranar da aka ɗauke wuta yana hawa bene biyar da tukunyar gas.

Baban Walid
Toh ai nan gizo ke saƙar. Kun ɓoye wahalar kun nuna daɗin, sannan kuna mamakin an ɗauka daɗi kuke sha. Ƙanina ma haka yake, sai da naje da kaina naga ɗakin da yake kwana na daina ganin laifinsa. Ku dinga faɗawa iyaye gaskiyar halin da kuke ciki mana.

Ummu Sudais
Wannan kam gaskiya ka faɗa. Sai dai mazan namu basa so, wai kar hankalin iyaye ya tashi, kuma akwai jin nauyi, mutum an raka shi filin jirgi da addu'a sai ya bugo yace haya ta gagare shi? Amma Maman Hanif ke zaki iya abinda shi ba zai iya ba. Ki kira Hajiya ta bidiyo ba ranar fita ba, ranar da kike wanki, ki zagaya da ita gidan taga girmansa, ki nuna mata benen da kike hawa da goyo da kayan cefane, ki bar jikokinta suyi mata surutu. Tsofaffi ba'a basu hujja, gani suke su gane. Kuma kar ki kawo zancen yayarsa ko kaɗan.

Sai maganar fita. Ba dole sai Ahram ba, can ai saboda baƙi ne kuɗin ɗan waje daban na ɗan ƙasa daban, duk da dai mai katin ɗalibi rabi yake biya, kuma yanzu da katin banki ake biya ba tsabar kuɗi ba. Garin nan cike yake da wuraren da ba ko sisi. Masallacin Amru ɗan Asi kyauta ne, shi ne na farko da aka gina a Masar, ki hau metiro layin Hilwan ki sauka a tashar Mar Girgis ki ɗan taka kaɗan kin isa, akwai taragon mata a tsakiyar jirgin in ke kaɗai ce da yara ba mai matse ki. Masallacin Ibnu Ɗulun ma, wanda aka gama a shekarar 879, ni duk garin nan ba inda nake so kamarsa, tsakar gidansa faɗi ne da ita ga shiru ba cunkoso, yara suyi ta zagaye kina zaune a inuwa kina kallonsu, hasumiyarsa kuma matakalarta ta waje take tana nannaɗe da ita, sai dai ki riƙe hannun Hanif da kyau in zaku hau. Ku da kuke Madinatu Nasr ga lambun Hadiƙa Dauliyya nan kusa da ku a titin Abbas Aƙƙad, kuɗin shiga kaɗan ne, ki shimfiɗa darduma a ciyawa ku wuni. Ranar da aljihu ya ɗan yi nauyi kuje lambun Azhar, wajen da juji ne na ɗaruruwan shekaru aka gyara shi aka buɗe a 2005, ki je dab da magariba ki zauna a kan tudun, masallatan tsohon gari duk suna ƙasanki, in aka fara kiran sallah daga ko ina a lokaci ɗaya tsigar jikinki sai ta tashi.

Maman 'Yan Biyu
Ni a Ingila nake amma labarin ɗaya ne. Na daina ɗora komai tun da aka turo min jerin buƙatu washegarin ranar da na ɗora hoton yara a bakin teku. Yanzu mahaifiyata da surukata kawai nake turawa kai tsaye, kuma abin mamaki su murna suke, surukata har nunawa ƙawayenta take. Matsalar ba iyaye bace yawanci, na gefe ne.

Abu Ammar
Masallatai kam ba ni da ta cewa, wannan ziyara ce mai kyau. A kula dai da abinda ake yi a wasu kaburbura.

Ɗalibin Bu'us
Tunda an zo nan bari in ƙara, domin abin yana min ciwo yadda mutanenmu suke shekara huɗu biyar a Alƙahira basu san komai ba sai hanyar jami'a da kasuwar Ataba. Garin nan fa ba baƙonmu bane. Mansa Musa ya yada zango a nan a 1324 a hanyarsa ta hajji. A cikin masallacin Azhar, da aka gama gininsa a 972, akwai ruwaƙi, wato sashen zaman ɗalibai, da aka ware wa ɗaliban Barno tun zamanin da, kakanninmu da ƙafa da raƙumi suke ratso Sahara suzo karatu. Imam Suyuɗi da muke karanta Jalalaini ɗinsa duk azumi a nan ya rayu a nan ya rasu a 1505, kuma ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Shehu Khalil mai Mukhtasar da malaman zaure suke karantarwa mutumin garin nan ne. Imam Shafi'i a nan kabarinsa yake, ya rasu a 204 bayan hijira. In kun samu dama ku hau jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Iskandariyya, tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka, yara suga teku, kuma a can kabarin Imam Busiri mai Burda yake kusa da masallacin Abul Abbas. Yaron da aka nuna masa waɗannan da idonsa, ranar da ya zauna gaban malami aka ambaci sunayen ba zai ji su kamar tatsuniya ba. Tafiya mabuɗin ilimi ce ai, kuma ku an riga an kawo ku bakin ƙofa, mutane nawa ne a gida suke burin su taka ƙasar nan ko sau ɗaya.

Anti Mai Lalle
Ni tambayata daban ce 'yata. Yaran suna jin Hausa kuwa? Domin jikokin yayata da suka dawo daga can sai Larabcin Masar suke zubawa, kakarsu tana magana suna kallonta, ko gaisuwa basu iya ba, abin ba daɗi wallahi. Sannan me kuke ci a can, ana samun kayan miyarmu?

Maman Hanif
Anti ina wuni. Hausa kam a gida doka ce, Abbansu baya amsa masa in yayi Larabci, amma tunda ya fara zuwa hadana, makarantar yaran nan ta unguwa, sai ki ji yana haɗawa, rabi Hausa rabi nasu, kuma in yana wasa shi kaɗai da Larabci yake yi. Wannan ma yana cikin abinda yasa nake son mu dinga haɗuwa da 'yan uwa a waje, yaji wasu yaran suna Hausa ya san ba yaren Umma da Abba bane kaɗai. Abinci kuma alhamdu lillahi ba laifi. Kuɓewa tana nan, lalo ma suna da shi sosai har miyarsa suke yi da tafarnuwa su ci da shinkafa, zoɓo da tsamiya da goruba duk ana jiƙawa ana saidawa a shagunan lemo, ruwan rake kuwa a gabanki za'a matse. Da safe wake ne da burodinsu mai faɗi da ƙosansu da suke cewa ɗa'amiyya, Hanif kuma koshari ne mutuminsa, shinkafa da makaroni da adas da soyayyar albasa a zuba miyar tumatir, yana da arha yana ƙosarwa. Abinda babu shi ne daddawa da kuka da manja mai kyau da yaji irin namu, waɗannan sai in wani zai taho a roƙe shi ya riƙo, in na samu daddawa ƙulle ta nake a firiza ina gutsura kaɗan kaɗan. Tuwo da samolina nake yi ko in niƙa shinkafarsu, tana da danƙo tana yin tuwo mai kyau.

'Yar Damagaram
Garin masara ma ana samu wajen Sudanawa, da busasshiyar kuɓewa dakakkiya, ki tambaya a shagunansu akwai su da yawa a unguwarku. Amma akwai abu ɗaya da ba wanda ya faɗa kuma gara a faɗa tunda maganar fita da yara ake. Wani lokaci a hanya yara ko samari sukan bi ki da kiran samara ko shokolata, wato tsokana kan baƙar fata, wasu har su nemi ɗaukar hoto da ɗanki ba tare da sun tambaya ba. 'Yata ta taɓa dawowa daga lakwal tana tambayata me yasa ita baƙa ce. Ranar ban yi barci ba. Ba duka ne ba, akwai mutanen kirki sosai, maƙociyata tsohuwa duk azumi sai ta aiko min da kwano, kuma in kika shiga mota da goyo kafin ki ankara an tashi an baki kujera. Amma ki shirya amsar da zaki bawa yaro tun kafin ya tambaya. Ni abinda na gani, ɓoye su a ɗaki baya maganin wannan, ƙara musu tsoro yake, gara su fita tare da mu su ga yadda muke tafiya da kanmu a sama muna mayar da sallama.

Ummu Sudais
Haka ne wallahi. Kuma a wuraren baƙi a kula da masu raƙuma da dawakai, ku gama ciniki tun a ƙasa, ku faɗa a fili kuɗin hawa da sauka ne kuma na mutum nawa, kuma fam ɗin Masar ake nufi. In wani ya miƙo miki abu yace kyauta ne kar ki karɓa. Haka ma kwalekwalen Nilu mai filafilai, in kun haɗu gida uku ko huɗu kuka ɗauki guda na awa ɗaya kuɗin ba ya da yawa, ku tafi da fulas ɗin shayi da cincin.

Baban Walid
Toh ni dai har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya, tunda maigida yace a dakata a dakata ɗin, kar ya zama an saɓa masa saboda shawarar waje. Amma na yarda ban san zaman ya kai haka tsanani ba. Ki zauna da shi ki nuna masa waɗanda ba'a biyan kuɗi, ba na jin zai ƙi. Gudummawar kuma ko rabi ce ya fara turawa yanzu, baki zai mutu.

Maman Hanif
Baban Walid ai ba zan taka ko ƙofa ba sai da izininsa, Allah ya kiyaye. Jiya da daddare na bashi wayar ya karanta duk abinda kuka rubuta, ya daɗe a kan maganar Anti Ummu Sudais ta matan da zaman ya taɓa, sai ya tambaye ni ko ni ma ina jin haka, na faɗa masa gaskiya. Yace wuraren tikiti mu ajiye su sai bayan biki, sabon babban gidan tarihin da aka buɗe kusa da Ahram a watan Nuwamban 2025 ma da yake ta son ya kai mu sai an kwana biyu, amma masallatai da lambu ba matsala. Ya tura rabin gudummawar yau da safe, sauran ƙarshen wata. Hajiya kuma na kira ta ina tsaka da goge-goge, Hanif ya karɓe wayar ya zagaya da ita har banɗaki, tace yanzu duk gidan kenan, nace eh Hajiya, tace toh Allah ya bada abinda aka je nema, ta kuma ce in akwai mai tahowa in faɗa mata ta bada kuka da daddawa.

Ummu Sudais
Alhamdu lillahi. Toh Asabar mai zuwa in Allah ya kaimu mu zamu je masallacin Amru da yara, mu yi la'asar a can. Ku taho mu haɗu a tashar Mar Girgis ƙarfe biyu, 'Yar Damagaram ke ma ki taho da taki, daga Giza zaki canja layi a tashar Sadat ki kama na Hilwan. A riƙo wa yara rigunan sanyi domin da yamma iska tana kaɗawa, ni zan taho da zoɓo da tabarma.

'Yar Damagaram
In sha Allah muna tafe, zan soyo fanke. Maman Hanif in kina da sauran yajin ki ɗan ɗebo min ko cokali biyu ne, nawa ya ƙare tun watan jiya.